Zango Na Bakwai

Kalgo,
2 ga Yuli.

Zuwa ga Adda Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam da mutanen gida baki ɗaya. Yaya ƙafar? Maiɗakina Hafiza ta ce in tambaye ki ko man zafin da ta aiko ya yi amfani. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar damina. Tun makon jiya ina tsakanin Wurogauri da Dangoma wajen manoma, ana ta dashen shinkafa, ban dawo gida da busasshen takalmi ko sau ɗaya ba.

Da kunnenki yana ɗaukar waya da kiran ki zan yi. Amma na san yadda muke ƙarewa, ni ina ihu a tsakar gida, ke kina tambaya wa ya rasu. Shi ya sa na rubuto, zan ba Umar Faruk direba ya kawo miki tare da wani ƙunshi.

Littafi ne a ƙunshin. Kin san shirin nan naki na talabijin, Ayarin Sama, wanda kike ƙure wa murya duk Asabar har maƙwabta sun haddace labarin: jiragen nan uku, Gawo da Kuka da Giginya, da suka kwashi mutane da iri suka bar duniya bayan koguna sun ƙafe. To, masu shirin sun nemi masu kallo su rubuto gajerun labarai a kan mutanen jiragen. An aika sama da ɗari biyu, suka zaɓi tara suka buga, suka sa wa littafin suna Zango Tara. Na bakwai na Jidda ne. Ɗiyarki ta fari nake nufi, ko da yake na san ba ki son in rubuta haka. To, ɗiyar marigayiya Innarmu, wadda aka kawo mana tun yaye.

Ba a nan maganar ta tsaya ba. Cikin marubutan tara sun ware uku, suna so su je Kaduna a dogon hutu, sati shida, su zauna da marubutan shirin a tsara kashi na gaba. Tana cikin ukun. Hutun makarantar da take koyarwa ya yi daidai, masauki kuma na mata ne, na bincika da kaina. Ana son amsa kafin ashirin da biyar ga watan nan.

Ita kuwa ta ƙi amsawa. Na ce mata me take jira, duk gidan nan mun karanta mun yaba. Sai ta ce, "Kawu, ku so na kuka yi, ko mi nir rubuta yabawa za ku yi. Adda ta yi shekara ashirin tana koyar da Hausa, ba ta taɓa ce ma abu ya yi ba alhali bai yi ba. In ta karanta tac ce ya yi, in tafi. In ba ta ce ba, na bar rubutu ke nan."

Na san halinta, kuma kin san inda ta samo shi. Don Allah ki karanta, ki rubuto mana ra'ayinki.

Ƙanenki,
Ɗalha.

Gwandu,
6 ga Yuli.

Ɗalha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah. Ƙafa da sauƙi. Ka ce wa Hafiza man ya yi aiki, har kyanwar gidan ya kora da warinsa. Malam ya tafi Masama duba gero, yana gaishe ku. Kai kuma ka riƙa sauya kaya in ruwa ya dake ka, ba yaro ba ne kai yanzu.

Littafi ya iso, na gama shi cikin kwana uku. Tunda ra'ayi ake so, ga shi, kuma na malamar makaranta ne, babu sani babu sabo.

Tun daga bango aka fara ɓata mini rai. An zana Kyaftin Rifkatu da 'yan kunne da jan baki. Matar da take kwana da rigar aiki! Takardar ciki kuma ta yi shara-shara, kana karanta shafi kana hango na bayansa, kuma daga shafi na arba'in da ɗaya zuwa na arba'in da takwas a kife aka ɗinka su. Sai da na juya littafin kamar mai duba ƙwai.

Labari na farko ya sake ba mu ranar da Giginya ta ɓace wa ayari, abin da duk muka gani da idonmu a talabijin. Wanda ya kalli shirin bai ƙaru da komai ba, wanda bai kalla ba kuma ba zai gane ko su wane ne ba. Wannan ita ce babbar matsalar irin wannan littafi, kuma ba shi kaɗai ta kama ba. Na biyu ya sa Kyaftin kuka sau huɗu cikin shafi goma. Shekara uku ina kallon matar nan, ranar da mijinta ya rasu ma hularta kawai ta gyara ta koma bakin aiki. In mutum zai ari mutanen wani ya yi labari da su, ya mayar da su yadda ya same su.

Na uku kam ya yi. Labarin tsoho Abdulrasheed ne, ladanin jirgin Kuka. Azumi ya gabato, ayari kuwa ya yada zango kusa da wata duniya mai wata uku, aka rasa wanne za a duba. Gardama ta kaure, kowa da malaminsa, har aka je wajen Magatakarda, na'urar nan mai magana, ita ma ta ce ba hurumina ba ne. Ashe tsohon tun ranar da aka bar duniya yake ƙulla igiya, kowace rana ƙulli ɗaya, bai taɓa fashi ba. Marubucin bai raina kowa ba, bai kuma yi wa'azi ba, ya bar mutane sun yi halinsu. Na yi dariya har Malam ya leƙo ya ga ko lafiya. A shirin ba a taɓa nuna fuskar ladanin nan ba, muryarsa kawai muke ji. Irin wannan ya kamata littafin ya cika da shi, ya kai mu inda talabijin ba ta kai mu ba.

Na huɗu fanninka ne, malamin gona. An shuka shinkafa a cikin jirgi, an girbe ta bayan kwana ashirin. Ba dashe, ba cire ciyawa, ba tsuntsu, ba wanda bayansa ya yi ciwo. Na yarda da jirgin da ke ratsa taurari, amma ban yarda da wannan shinkafar ba. Ka nemo mai labarin ka kai shi Dangoma ya wuni cikin taɓo.

Na biyar soyayya ce, wadda in ka ɗauke ta ka ajiye a bayan tashar Birnin Kebbi babu abin da zai sauya. Taurarin labule ne kawai aka rataya. Na shida harbe-harbe ne tun daga farko, na kai ƙarshe ban san wa ke harbin wa ba.

Na takwas Hausarsa kamar da wani harshe aka yi tunanin sannan aka juyo shi. Bai kai in ɓata masa tawada ba. Na tara shafi uku ne kacal, wata tsohuwa tana koya wa Magatakarda yadda ake gaisuwar ta'aziyya. Ya yi, sai dai ya ƙare da wuri.

Wanda ya rage ba ni da abin da zan ce a kansa.

Zancen tafiya Kaduna kuwa naku ne, ku da kuka riƙe ta. Abin da kuka yanke shi ke nan.

A gaida mutanen gida.

Huseina.

Kalgo,
9 ga Yuli.

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafar na ƙara sauƙi, kuma Malam ya dawo lafiya. Mu lafiyar jiki kam akwai.

Wasiƙarki ta iso jiya bayan la'asar, kuma na yi wauta. Na manto tabarauna a Dangoma, ga shi na sakankance alheri ne a ciki, sai na miƙa wa Jidda na ce ta karanta mana. Muna tsakar gida, Hafiza tana tsintar shinkafa. Wajen 'yan kunnen Kyaftin muka yi dariya, wajen shinkafar kwana ashirin har na ƙware. Ita ma tana dariya, amma ina ganin yadda take sauri. Da ta gama na shida sai ta ja numfashi, ta gyara zama. Sai muka ji ta ce, "Na takwas."

Ta tsaya. Ta juya takardar, ta leƙa cikin ambulan ko akwai wata. Sannan ta ci gaba har ta zo layin nan da kika ce wanda ya rage ba ki da abin cewa a kansa. Ta karanta shi da murya ɗaya da sauran, ta ninke takardar ta ce, "Kawu, ga takardarka."

Hafiza ta ce mata, "Haba Jidda, kunya ta fa. Ina kika taɓa jin uwa ta yabi ɗiyar fari?"

Ta ce, "Na san kunya, cikinta nit tashi. Amma littafi ba ni ba na. Ba kunya ta ba wagga, haushi taj ji. Ta gane kanta ciki."

Adda, a nan laifina ne, don ni ma na gane tun karatun farko, na yi shiru ban faɗa miki a waccan wasiƙar ba. Labarin nata, Rahoton Ruwa, kin dai karanta. Mace mai kula da ruwa a jirgin Gawo, an yaye ɗiyarta ta fari an kai ta jirgin Kuka wajen kakarta. Kowane wata uwar tana aiko da rahoto: ruwa ya kai kaza, bututu kaza ya tsage, an gyara. Yarinyar ta girma ta zama ita ce mai karɓar rahoton, shekara ashirin tana karantawa tana neman kalma ɗaya da ta shafe ta. Ko makaho aka karanta wa ya san gidan da ake nufi.

Tun jiya ba ta ƙara zancen ba. Ta kwashe littattafan da take rubutu a ciki ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Ta ci abinci, ta tafi makaranta yau da safe kamar kullum, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali a kan ta yi kuka.

Ban ce ki bar al'ada ba. Ni ma ɗan farina ban iya kiran sunansa a gaban mutane. Amma layi biyu nake roƙo. In haushi kika ji, ki faɗa, a ba ki haƙuri. In labarin ne bai yi ba, ki faɗa kamar yadda kika faɗa wa na takwas. Shirun nan ne ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Saura kwana goma sha shida.

Ƙanenki,
Ɗalha.

Kalgo,
19 ga Yuli.

Zuwa ga Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba da ƙannena. Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, mun gama jarrabawa, ina kan duba takardun yara.

Ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba, ban ma san yadda ake fara ta ba. Kawu bai san na rubuto ba. Wata abokiyar aikina ce za ta zo Gwandu suna, na ba ta ta kawo miki.

Yau kwana goma da Kawu ya aika miki, ba amsa. Na fahimta, kuma ban ga laifinki ba. Haƙuri na zo bayarwa.

Wallahi ban rubuta labarin nan don in tona miki asiri ko in kai ƙararki gaban duniya ba. Da na zauna rubutu, labarin ruwa na yi niyya, don ni malamar kimiyya ce, kuma kullum ina mamakin yadda shirin ba ya nuna mana inda mutum dubu uku suke samun na sha. Ina cikin rubutu yarinyar ta shigo, na kasa fitar da ita.

Abin da na sani ne na rubuta. Duk ƙarshen wata kina aiko wa Inna takarda da sabulu, ni kuma nake karanta mata tun ina aji uku na firamare. Kina tambayar idon Inna, da karatun Kawu, da awaki, da rijiya, ko an gyara murfinta. Can ƙasa sai ki ce a gaida mutanen gida. Na san ina cikin mutanen gida. Inna ta sha faɗa mini haka ake yi, ita ma haka ta yi miki, kuma ban taɓa jin haushinki ba. Ina dai dubawa ne kowane wata, shi ke nan.

Na ɗauka in abin ya zama littafi, da bango da lambar shafi, za ki iya duba shi kamar na kowa. Ko cewa kika yi bai yi ba, da na karɓa, don na ga yadda kika karanta na uku, na yi ta kwaɗayin a yi wa nawa irin wannan karatun. Ban yi tunanin yadda za ki ji ba in kika ga kanki a hannun duk wanda ya sayi littafin a Gwandu. Wannan rashin hankalina ne.

Na rubuta wa mutanen Kaduna cewa ba zan samu zuwa ba. Takardar tana jakata, ranar ashirin da huɗu zan tura musu. Zan kuma roƙe su, in za su sake buga littafin, su cire na bakwai. Ba sai kin amsa wannan ba. Ki yafe mini kawai.

Jidda.

Gwandu,
22 ga Yuli.

Zuwa ga marubuciyar labari na bakwai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, ina zuwa har bakin titi. Babanki da ƙannenki suna amsawa.

Da farko, ba shiru na yi wa kawunki ba. Motar Umar Faruk ta lalace a Ambursa, wasiƙar ta yi kwana goma sha ɗaya a aljihun motar tare da lasin ɗinsa. Shekaranjiya ya kawo ta yana ta rantse-rantse, jiya kuma taki ta iso. Na karanta su a jere. Na ce masa gobe da safe zai kai wannan, ko da a kan jaki ne.

Na biyu, ban ji haushi ba, kuma babu abin da za a yafe. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai a ɗaki. Kawunki ya je ya nemo tabaraunsa.

Ranar da littafin ya zo, ba daga na farko na fara ba. Na bakwai na buɗe. Na karanta shi sau biyu kafin in taɓa sauran, bayan na gama su kuma na koma masa. Da na zauna rubuta wa kawunki, na zo kansa, na riƙe alƙalami har tawada ta ɗiga a takardar, sai da na sake wata. Na iya kushe shi a inda ya kamata, amma in na kushe dole in yaba, don akwai abin yabo, yabon kuwa hannuna bai san hanyarsa ba. Sai na tsallake. Na ɗauka za a gane. Na manta cewa ke ma takarda kike karantawa, ba zuciyata ba.

To ga ra'ayina, irin wanda na yi wa sauran.

Shafi biyu na farko sun yi yawa. Kin tsaya koya mana yadda ake tace ruwa kamar muna ajinki. Rabin shafi ya isa. Sunayen bututun nan ma babu mai riƙe su. Labarin bai fara ba sai inda yarinyar ta hau kujera don ta kai ga na'urar karɓar rahoto. Daga nan kuwa ban sami inda zan sa jan biro ba har kusan ƙarshe. Inda ta haddace rahoton watan da aka haife ta tana maimaitawa kamar karatu, wannan wuri ya yi ƙwarai. Ba ki sa ta kuka ko sau ɗaya ba, kuma kin yi daidai. Hausarki tsabtatacciya ce, ta Inna ce, na ji muryarta a bakin kakar. Kuma ba ki taɓa Kyaftin ba balle ki ɓata ta, kin je can ƙasan jirgi kin samo mutanen da shirin bai san da su ba.

Babban aibinsa ɗaya ne. Shafi goma sha huɗu, ba ki taɓa shiga jirgin Gawo ba. Kin tsaya a Kuka tare da yarinyar, uwar kuwa kin mayar da ita famfo, ana murɗawa rahoto yana fitowa. Mai karatu bai san abin da take yi ba bayan ta tura shi. Ba laifinki ba ne, ba a taɓa buɗe miki ƙofar ba. Amma aibi ne, kuma shi ya sa labarin yake tafiya da ƙafa ɗaya.

Bari in buɗe miki kaɗan, don aikinki.

Ranar da Inna ta zo ta tafi da ke, shekarata goma sha tara. Matan gidan nan duk sun fito tsakar gida, ba don ke ba, don su ga fuskata. In na raka ku zaure, ko idona ya kawo ruwa, sai an shekara ana ba da labarina, a ce ɗiyar Kalgo ba ta da kunya. Sai na ɗauki turmi na zuba gero na kama daka. Ina jin kukanki har kuka sha kwana, ban ɗaga kai ba. Geron da na daka ran nan ya ishi gidan kwana uku, hannuna kuma ya yi sati bai riƙe taɓarya ba. Aka yi ta yaba mini, ana cewa ga ɗiyar mutunci.

Kina shekara uku wata mata ta zo daga Kalgo, tana cikin hira ta ce ta gan ki kina leƙa rijiya. Ban tambaye ta komai ba, don surukata tana zaune. Tun daga watan na fara tambayar murfin rijiya, ban daina ba har kika shiga sakandare. Inna ta san abin da nake tambaya, shi ya sa take sa ki rubuto cewa murfi lafiya lau. Rubutun hannunki nake dubawa. A nan na ga lokacin da kika daina juya harafi, da lokacin da kika fara haɗa su. Takardun suna nan cikin akwatina, ban yar da ko ɗaya ba.

Ban faɗa miki wannan don ki ji tausayina ba, kuma ban ce al'adar banza ce ba. A cikinta aka haife ni, na kuma ci moriyarta, don Inna ta riƙe ki fiye da yadda yarinya 'yar sha tara za ta iya. Sai dai akwai abin da ta ci mini, kuma sai da na karanta shi a littafi na san ke ma ta ci miki.

Hukunci: na uku ya fi naki, don shi ya shiga zuciyar kowa a jirgin, ke kin shiga ta mutum ɗaya. Naki ne na biyu a littafin, kuma tsakaninsa da na bayansa akwai tafiya. Ba za a cire shi ba. In wani a Gwandu ya gane ni a ciki, ya gane.

Takardar da ke jakarki, ki yaga ta. Ki rubuta musu kina zuwa. In kin je, ki saurara fiye da yadda za ki yi magana, kada ki bari su sa wa Kyaftin 'yan kunne, kuma ki nemi hanyar da za ki shiga jirgin Gawo. Abin da ba ki sani ba ki rubuto ki tambaye ni, zan amsa.

In kin zo gida kada ki sa ran jin wannan daga bakina. Zan amsa gaisuwarki in kau da kai kamar yadda na saba, ba zan iya sauyawa a gaban mutane ba, na tsufa a haka. Takarda ce kawai ta iya ɗauka, ita ma tun hantsi nake kanta ga shi har an yi azahar, don na san da abin da zan rufe ta. Shekara ashirin da bakwai ban furta shi ba, ban rubuta shi ba, ko a bayan ambulan.

Labarinki ya yi, Jidda. Ki je.

Mahaifiyarki,
Huseina.